Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Patrick Dumont: Korar Nico Harrison Ba Ta Wanke Ka Ba

Zuwa ga Mai Girma Patrick Dumont, shugaban kulob ɗin ƙwallon kwando na Dallas Mavericks.



Ranar 11 ga Nuwamba, 2025 ka sallami janar-manajanka Nico Harrison, a lokacin da kulob ɗin ya ci wasa 3 aka ci shi 8. Ka rubuta wa magoya baya cewa idan sakamako bai kai yadda ake tsammani ba, alhakinka ne ka ɗauki mataki. Madalla. Ba kowane mai dukiya ne yake iya juya wa mutumin da ya tsaya wa baya ba, kuma wannan a yaba maka. Sai dai mutanen da suka shafe wata tara suna ihu a filin American Airlines Center ba wasanni 11 ɗin nan ne suka ƙona musu rai ba. Dare ɗaya ne ya ƙona musu rai, daren Asabar 1 ga Fabrairu, 2025, da aka ɗauki Luka Doncic aka miƙa wa Los Angeles Lakers. Harrison ne ya ƙulla cinikin, wannan babu musu. Amma babu manajan da ke fitar da ɗan wasa irin wannan daga kulob sai mai kulob ya amince, kuma kai ka amince. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Bari in tuna maka abin da ka amince a bayar, ko da yake ka fi ni sani. Yaro ne ɗan Sloveniya da ya zo Dallas a 2018 yana da shekara 19, bayan ya ci kofin Turai da Real Madrid an kuma zaɓe shi gwarzon gasar. Shekararsa ta farko a NBA shi ne gwarzon sabbin 'yan wasa. Daga 2020 zuwa 2024, shekara biyar a jere, yana cikin 'yan wasa biyar da aka zaɓa a matsayin mafiya ƙwarewa a gasar baki ɗaya. A kakar 2023-24 ya fi kowa cin maki, matsakaicin 33.9 a kowane wasa, har da daren da ya zuba wa Atlanta maki 73. A watan Yunin 2024 shi ya kai ku wasan ƙarshe, karo na farko tun 2011. Wata takwas bai cika ba bayan haka, yana da shekara 25, aka tashe shi da labarin cewa shi ɗan Lakers ne. Masu bin ƙwallon ƙafa su lura: a NBA ba a neman yardar ɗan wasa kafin a yi musayarsa, sai 'yan ƙalilan da kwantiraginsu ya ba su wannan dama. Doncic bai nemi tafiya ba, ba a tambaye shi ba.

Me aka karɓo? Anthony Davis mai shekara 31, wanda duk mai kallon gasar ya san tarihinsa da rauni, da Max Christie, da damar zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko guda ɗaya tak, ta 2029. A nan ne hujjar masu kare ka take rushewa, domin ko da a ce sayar da Doncic daidai ne, farashin ba daidai ba ne, kuma kasuwar a buɗe take kowa ya ga abin da ake biya. A 2022 Minnesota ta ba Utah damar zaɓe huɗu ta zagayen farko da tarin 'yan wasa don ta samu Rudy Gobert. A 2023 Phoenix ta ba Brooklyn huɗu a kan Kevin Durant, wanda ya haura shekara 34. A 2024 New York Knicks ta ba da biyar a kan Mikal Bridges, wanda ko sau ɗaya bai taɓa shiga wasan taurari ba. Ku kuwa kun karɓi ɗaya. Lakers ta riƙe Austin Reaves, ta riƙe damarta ta 2031. Dalilin a fili yake: ba a bar kowa ya taya ba. Harrison ya yi makonni yana magana da Rob Pelinka na Lakers, tsohon abokin hulɗarsa tun zamanin da shi yake Nike, Pelinka yake wakilin Kobe Bryant, aka rufe ƙofa aka sallama. Kai ɗan kasuwa ne, Yallaɓai, babban jami'i a kamfanin Las Vegas Sands. Da wani ma'aikacinka ya zo ya ce zai sayar da kadarar kamfanin mafi tsada ga mai saye ɗaya ba tare da jin tayin kowa ba, da ka bar shi ya kai yamma a ofis? Amma wannan ka amince.

Na san amsoshin, kuma ba zan yi kamar babu su ba. An ce Doncic ba ya tsaron gida. Akwai gaskiya a ciki. Boston ta yi ta kai hari ta ɓangarensa a wasan ƙarshe na 2024, kuma a wasa na uku an fitar da shi saboda yawan laifi saura kusan minti huɗu, lokacin da aka fi bukatarsa. Yana da yawan gardama da alƙalan wasa, wani lokaci ya tsaya yana ɗaga hannu abokan hamayya sun riga sun wuce. Harrison ya kafa hujjarsa a kan cewa tsaron gida shi ke cin kofi. To, amma a wannan shekarar wace ƙungiya ce ta fi kowa tsaron gida? Minnesota ce, mai Gobert, gwarzon masu tsaro na kakar. Wa ya fitar da ita? A wasa na biyu na ƙarshen yankin Yamma, Dallas na baya da maki biyu, agogo na gab da cika, Doncic ya jawo Gobert waje, ya yi masa gaba ya yi masa baya, ya ja da baya ya jefa ta uku, ta faɗa saura daƙiƙa uku. Kulob mai hankali idan ya samu mai yin haka, masu tsaro yake nemowa ya kewaye shi da su. Abin takaicin ma shi ne Harrison da kansa ya riga ya yi hakan: shi ya kawo Dereck Lively, ya kawo P.J. Washington da Daniel Gafford, kuma da su aka je wasan ƙarshe. Ya gina gida mai kyau a kan mutum ɗaya, sannan ya cire mutumin.

An ce jikinsa ne matsala, yana ƙiba, ba ya kula da abinci, ga raunin sharaɓa da ya ji ranar Kirsimeti ta 2024. An kuma ce a bazarar 2025 zai cancanci kwantiragin dala miliyan 345 na shekara biyar, kuma a ƙarƙashin yarjejeniyar albashi ta 2023 irin wannan kuɗi yana ɗaure wa kulob hannu. Wannan damuwa ce ta gaske, ban raina ta ba. Amma wanda ke tsoron rauni ba ya musanya ɗan shekara 25 da ɗan shekara 31 da ya fi shi jinya. Davis ya fara buga muku ranar 8 ga Fabrairu a karawa da Houston, ya yi abin burgewa kafin hutun rabin lokaci, a zango na uku ya dafe matsematsinsa ya fita, bai dawo ba sai bayan wasa 18. Ranar 3 ga Maris Kyrie Irving, wanda nauyin ƙungiyar ya koma kansa, ya tsinka jijiyar gwiwa. Kaka ta ƙare da nasara 39 da faɗuwa 43, Memphis ta tare ku a ƙofar wasannin kifa-ɗaya-ƙwala. Ba na ɗora maka laifin raunin kowa, wannan ƙaddara ce. Ina ɗora maka laifin cacar da duk mai ido ya ga inda za ta ƙare.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Bayan cinikin ka yi hira da jaridar Dallas Morning News, ka yi ta magana a kan tarbiyyar kulob da ƙwazo, ka kawo sunayen Jordan da Bird da Kobe da Shaq a matsayin waɗanda suka yi aiki tuƙuru kullum. Kowa ya gane wanda kake yi wa habaici. Mutum ya ba ka shekara shida da rabi, ya buga muku wasannin 2024 da gwiwa a ɗaure yana ɗingishi, ka sayar da shi cikin dare, sannan ka bi shi da zargin lalaci bayan ya juya baya. Kuma a ce Shaquille O'Neal! Mutumin da ya jinkirta aikin tiyatar ɗan yatsan ƙafarsa a 2002 har gab da fara kaka, mutumin da shi da Kobe suka yi ta rigima a kan rashin kula da jikinsa. Lakers ba ta kore shi yana shekara 25 ba, ta haƙura da halinsa ta ci kofi uku a jere da shi daga 2000 zuwa 2002. Misalin da ka kawo da kanka shi ke ƙaryata ka.

A cikin jerin nan kuma ba ka ambaci Dirk Nowitzki ba, wanda mutum-mutuminsa ke tsaye a ƙofar filin da kake shiga. Idan Dallas tana da tarbiyya, ai daga wurinsa ta samo ta. Bajamushe ne da ya yi kaka 21 a kulob ɗaya, daga 1998 zuwa 2019, ya sha zargin cewa ba shi da zuciya bayan faɗuwar 2006 da 2007, kulob bai sayar da shi ba, magoya baya ba su yar da shi ba, ya kawo kofin 2011 a hannun Miami. Ya rage wa kansa albashi ba sau ɗaya ba don a samu kuɗin ɗauko wasu. Kakarsa ta ƙarshe ita ce kakar Doncic ta farko, kowa ya ga hannu ya miƙa wa hannu. Abin da mutanen Dallas suka ɗauka shi ne: mu nan ba ma yar da namu. Wannan ne abin da kuka karya, kuma shi Nowitzki ya ba da hukuncinsa ba tare da doguwar magana ba, ya tashi ya tafi Los Angeles ya zauna a filin Lakers ranar da Doncic ya fara buga musu.

Sauran zan lissafa su kawai. An fitar da magoya baya daga fili ranar 10 ga Fabrairu, 2025 saboda sun ɗaga kwalaye suna neman a kori Harrison, mutumin da kai ma ka kora daga baya. A watan Maris, ana tsakiyar jimami, aka ƙara kuɗin tikitin shekara da fiye da kashi 8 cikin 100. An ba da Quentin Grimes ga Philadelphia, ya je can yana cin maki arba'in da ɗoriya. A watan Afrilu aka kira 'yan jarida ganawa aka hana shiga da kyamara. Harrison ya fito ya ce ya san Doncic yana da muhimmanci ga magoya baya, amma bai san ya kai haka ba, bayan mutane sun riga sun kawo akwatin gawa ƙofar fili tun kashegarin cinikin.

Za a ce mini ai Allah ya musanya, kun samu Cooper Flagg. Yaron haziƙi ne, Allah ya raya shi. Amma damarku ta cin ƙuri'ar zaɓen sabbin 'yan wasa ta watan Mayun 2025, wadda ta ba ku shi, kashi 1.8 cikin 100 ce. Ba dabararka ba ce, ba dabarar Harrison ba ce, kuma kar wani ya zo ya ce mana wannan shi ne shirin tun farko. Za a kuma ce kulob naka ne, iyalanka da na surukarka Miriam Adelson kun sayi mafi yawansa daga Mark Cuban a Disambar 2023 a kan ƙimar kusan dala biliyan 3.5, kana da ikon yin yadda ka so. Haka ne a takarda. Sai dai abin da ya sa kulob ya kai wannan kuɗi ba katakon fili ba ne, mutanen da ke cika kujeru ne, da masu sayen riga, da waɗanda ke hana idonsu barci daga Ljubljana zuwa Kano don wasan da ake farawa ƙarfe biyu na dare. Ka ga abin da suka yi ranar 9 ga Afrilu, 2025: Doncic ya dawo da rigar Lakers, ya zauna yana hawaye ana nuna bidiyon shekarunsa, ya tashi ya ci muku maki 45, filinka ya miƙe yana yi masa tafi. Ba da shi suka yi fushi ba.

Don haka ga roƙona, Yallaɓai, kuma ka ɗauke shi yadda ka ga dama. Ka fito gaban kyamara, ba a wasiƙa ba, ka kira sunan Luka Doncic, ka ce cinikin kuskure ne kuma da yardarka aka yi shi. Ka janye habaicin da ka yi masa. Ka ɗauko manajan da zai iya ce maka a'a, ka kuma kafa dokar cewa ba za a sake yanke shawara mai girman wannan tsakanin mutum biyu a ɗaki ba. Ka nemi Nowitzki, ka saurare shi. Kai mutum ne mai basira, ban yi shakkar haka ba, kuma har yanzu akwai sauran lokaci. Amma ka sani hayar filinku tana ƙarewa a 2031, kuna neman sabon fili, kuma mutanen da aka fitar saboda kwali su ne za ka nemi goyon bayansu. Shi ma Flagg yana kallo, wakilinsa yana kallo, kuma ranar sabunta kwantiraginsa tana zuwa. A watan Agustan 2025 Doncic ya sa hannu a kan shekara uku da Lakers, dala miliyan 165, shi ya wuce wurin. Harrison ma ya tafi. A cikin mutum biyun da suka yanke wannan shawara a Dallas, kai kaɗai ka rage, kuma amsarka muke jira.

Wassalam.