Audu Bako: Kakan da ya bar wa Kano ruwa, da haƙƙin mutanen da ke bayan dam

A Tudun Wada ko Bebeji, idan hira ta kai kan shugabanni, da wuya dattijo ya tashi bai ambaci Audu Bako ba, kuma da wuya ya ambace shi bai bi da "Allah Ya jiƙansa" ba. Matasan da ke sauraro ba su taɓa ganinsa ba. Ya rasu a 1980, bai ma cika shekara 60 ba. Amma sun gaje shi a bakin iyaye kamar yadda ake gadon labarin kaka: mutumin da ba ka sani ba, amma kana shan inuwar bishiyar da ya dasa.

Ɗan sanda ne tun daga tushe. An haife shi a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, mahaifinsa ma ɗan sanda ne. Ya shiga aikin a 1942, ya koyar da doka a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, ya yi ta hawa har ya kai muƙamin Kwamishina. Da Yakubu Gowon ya raba ƙasar nan jihohi 12 a watan Mayun 1967, sai ya damƙa masa sabuwar Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau. Ba Bakano ba ne, ba injiniya ba ne, kuma ba da ƙuri'a ya hau ba. Shekara takwas ya yi a kujerar.

Abin mamakin shi ne, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin fareti da littafin doka, ba a tuna shi da kulki ko ankwa. Da ruwa ake tuna shi.

Ya fara da dam ɗin Bagauda a ƙasar Bebeji, sannan ya ɗauko babban aiki: tare Kogin Kano a Tiga. An yi ginin tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya riƙe ƙasashen Sahel a wuya, shanu na faɗuwa, rumbuna sun ƙare. Tafkin da aka samu ya mamaye kusan murabba'in kilomita 178, an kuma tsara shi ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Daga nan ruwa ke bin babbar hanyar da aka haƙa masa ya sauka gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Tumatur ɗin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Legas, da shinkafar Kura, da alkamar rani, duk jikokin wannan shawara ce. Wani ɓangare na ruwan da birnin Kano ke sha ma daga wannan kogi yake.

Shi ya sa yabon da ake masa ba na banza ba ne. Sai dai yabo irin na kaka yana da illa guda: jika ba ya son jin aibin kakansa, kuma ba ya son a tambaye shi me ya yi da gadon.

Aibin akwai shi a rubuce. Bayan Murtala Muhammad ya kifar da gwamnatin Gowon a watan Yulin 1975, an binciki dukiyar gwamnonin 12, biyu kaɗai aka wanke: Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Audu Bako ba ya cikin biyun. Ya bar kaki, ya koma noma har ƙarshen rayuwarsa. Kanawa sun san wannan, suka auna shi da abin da idonsu ke gani, suka yanke nasu hukuncin. Ana iya yarda da su, ana iya ƙi, amma bai kamata a goge wannan shafi don a ji daɗin labari ba.

Shi kansa dam ɗin bai zo kyauta ba. An tashi ƙauyuka, ruwa ya cinye gonaki da makabartu. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar damina da masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. A 1988 dam ɗin Bagauda ya ɓalle, ya yi ɓarna mai yawa, ya tuna wa kowa cewa tare ruwa alƙawari ne da ba ya ƙarewa ranar yanke kyalle.

Ga inda maganar ta fi shafar mutanen Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji. Ruwa gangara yake bi, kuma hanyoyin ban-ruwan Tiga arewa suka nufa. Manomin da ke bayan dam, wanda ta ƙasarsa kogin ya ratsa kafin ya taru, yana kallon tafkin amma babu magudanar da ke kawo masa. In yana son noman rani, sai ya sayi injin ban-ruwa, ya sayi fetur a farashin yau, ya ja tiyo. Tudun Wadan Ɗankadai ta yi suna da shinkafa da masara, amma akasarin wannan albarka ta damina ce da gumin mutanenta. Su ne masu riƙe da bakin tulu, wasu ke shan ruwan.

Kuma lafiyar tulun a hannunsu take. Kogin Kano ta dajin Falgore yake biyowa kafin ya isa Tiga. An ɗaga darajar dajin zuwa gandun namun daji a zamanin Audu Bako, kuma ko ba a faɗa ba, hikimar a fili take: bishiyoyi ke riƙe ƙasa. Idan aka sare su don gawayi da itacen girki, ruwan sama zai kwashi yashi da laka ya zuba a cikin tafki, kowace damina cikin dam ya ƙara cikewa, ruwan da zai iya ɗauka ya ragu. Ba a ganin wannan da ido a shekara ɗaya, shi ya sa ba ya shiga jawabin 'yan siyasa. Shekarun da dajin ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har matafiya ke fargabar hanyar Jos da yamma, sun ƙara nisanta ma'aikatan gandun daji da aikinsu. Abin takaici ne a ce dajin da ɗan sanda ya killace ya koma wurin da doka ke shiga da ɗari-ɗari.

A cikin birni kuwa sunansa ko'ina: Sakatariyar Audu Bako, titin Audu Bako, gidan zoo, har da kwalejin aikin gona ta Dambatta. Babu laifi. Amma allon suna ba ya yashe dam.

Tiga a yau tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta Gwamnatin Tarayya. Dajin Falgore kuma ba a hannun wannan hukuma yake ba. Wato tafkin na da mai shi, dajin da ke kare tafkin na da wani mai shi daban, kuma kowa na iya nuna ɗan uwansa da yatsa. 'Yan majalisar yankin, na jiha da na tarayya, su ne ya kamata su zaunar da ɓangarorin biyu a teburi ɗaya da tambayoyi ƙwarara. Yaushe aka yi awon ƙarshe na lakar da ta taru a cikin tafkin, kuma me awon ya nuna? Ma'aikatan gandun daji nawa ke tsaron Falgore, da wane kayan aiki? Wane shiri ake da shi na ɗaga ruwa da famfo mai amfani da hasken rana zuwa gonakin da ke gefen tafkin, don manomin Bebeji da na Tudun Wada su daina ƙona ribarsu a tankin fetur?

Dam ɗin ya haura shekara 50. Yaran da aka goya aka fita da su daga ƙauyukan da ruwa ya cinye, yanzu su ne masu jikoki, kuma da yawansu har yau sai sun jira damina kafin su yi shuka.