Jinjina ga Majalisar Birnin Plymouth, Amma da Sauran Rina a Kaba

A kunnen Bahaushe, kalmar kwangila tana tafiya ne da siminti da kwalta da 'yan kamasho. A Ingila kuwa akwai wata irin kwangila da ƙananan hukumomi ke bayarwa wadda ba a aza bulo ko ɗaya a cikinta: kwangilar kula da mutumin da ke kwana a bakin shago, da wanda giya ko ƙwaya ta ci ƙarfinsa, da matashin da ya baro gidan iyayensa ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa. Doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma kaso mai yawa na wannan nauyi, sai dai ba kasafai take yin aikin da ma'aikatanta ba. Takan ware kuɗi ne, ta tallata aikin, ƙungiyoyin agaji da na sa-kai su nema, wadda ta yi nasara a ba ta. A kan wannan ciniki nake son in jinjina wa majalisar birnin Plymouth, wani gari na bakin teku a kudu maso yammacin Ingila, mai mutane kimanin 265,000, wanda aka fi sani da sansanin sojan ruwa na Devonport.

Kafin a gane abin da suka yi, sai an san yadda ake yi a da, kuma har gobe haka ake yi a garuruwa da dama. Kowace matsala da kwangilarta. Ta masu shaye-shaye daban, ta marasa matsuguni daban, ta matasa daban, ta waɗanda suka fito daga gidan yari daban. Kowace kwangila takan yi shekara biyu ko uku, a sake tallata ta. Kowace kuma da adadin da aka yanka mata: mutum kaza za ki gani a wata, mutum kaza za su kammala magani, mutum kaza za su bar ɗakin kwanan wucin gadi. A takarda abin gwanin ban sha'awa.

To amma ɗan Adam ba ya zuwa da matsala ɗaya. A ce ga wani bawan Allah, aurensa ya mutu, ya rasa aiki, ya faɗa shan giya, mai gida ya kore shi, ga damuwa ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ya je wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, su ce sai ya daina sha za su duba shi. Ya je wurin masu raba mutane da shaye-shaye, su ce magani ba ya kama wanda ke kwana a titi. Ya je wurin masu ba da masauki, su ce ba sa karɓar mai maye. A kowace ƙofa sai ya cike sabon fom, ya sake zayyana wa baƙuwar fuska abin da ya fi jin kunyar faɗa a rayuwarsa. Daga ƙarshe ya gaji, ya koma bakin shagonsa, sai ranar da motar asibiti ko ta 'yan sanda ta ɗauke shi. Kuma abin takaicin, kowace ƙungiya a cikinsu tana iya cika adadinta tsaf a wannan shekarar. Hasali ma hanya mafi sauƙi ta cika adadi ita ce a kauce wa irin wannan mutum, a zaɓi mai sauƙin sha'ani.

Su kansu ƙungiyoyin, tsarin ya mayar da su kishiyoyi a gidan miji ɗaya. Wadda ta gano wata dabara mai amfani ba za ta gaya wa 'yar'uwarta ba, domin baɗi da ita za ta kayar da ita a wurin neman kwangila. Ana cikin haka kuma tukunyar ta yi ta ƙanƙancewa. Ofishin babban mai binciken kuɗi na Birtaniya ya bayyana a 2018 cewa kuɗin da gwamnatin tsakiya ke bai wa ƙananan hukumomin Ingila ya ragu da kusan rabi tun daga 2010, idan aka yi la'akari da tsadar kaya. A 2013 aka ƙara musu nauyin kula da lafiyar jama'a, har da maganin shaye-shaye, sannan shi ma kason wannan aiki aka shiga zaftare shi daga 2015.

Majalisu da yawa abin da suka yi shi ne su matse kowace kwangila, su bai wa wanda ya fi araha. Jami'an Plymouth sai suka fara da abin da hukuma ba ta cika so ba, wato saurare. Suka zauna da ɗaruruwan masu cin gajiyar ayyukan da ma'aikatan da ke hidima da su, suka ce a gaya musu gaskiya. Gaskiyar da suka ji ba ta yi musu daɗi ba, domin ta nuna cewa yadda su da kansu suke rarraba kwangila yana cikin abin da ke wahalar da mutane. A nan jinjinata ta farko take. Samun jami'in da zai ce laifin ɗan kwangila ne ba wuya. Wanda zai ce alƙalamina ne ya jawo, shi ne ake nema da fitila.

A watan Afrilun 2019 suka tattara kwangiloli fiye da 20 suka mayar da su guda ɗaya, ta kimanin fam miliyan 7.7 a shekara, wadda za ta iya kaiwa shekara 10, suka damƙa ta ga wani ƙawance da ake kira Plymouth Alliance. Ƙungiyoyi bakwai ne a ciki. Harbour da Hamoaze House suna aiki da masu fama da shaye-shaye. Shekinah da PATH da BCHA sun fi ƙarfi a harkar marasa matsuguni. The Zone ta matasa ce. Livewell Southwest kuwa babbar ma'aikata ce ta kiwon lafiya wadda ba a kafa ta don raba riba ba. Majalisar ba ta koma gefe ta riƙe bulala ba, ta ja kujera ta zauna a teburi ɗaya da su a matsayin ta takwas. Asusu ɗaya ne, kuma ba a zartar da shawara sai kowa ya amince. Idan aka ga buƙata ta ƙaru a wani ɓangare, ana iya karkatar da kuɗi ko ma'aikata can ba tare da an jira shekara uku a sake tallata aiki ba. Riba ko asara, ta kowa ce.

Abin dariya, wannan salon kwangila ba a gidan marayu aka ƙirƙiro shi ba. A rijiyoyin man Tekun Arewa ya yi suna a shekarun 1990, lokacin da kamfanin BP ya gaji da rigima da 'yan kwangilarsa, ya haɗa su a yarjejeniya ɗaya a aikin filin mai na Andrew. Dabarar masu haƙar mai ce aka aro don a tsamo mutum daga bakin titi.

Ba a cika shekara ba sai ga jarrabawa. A ƙarshen watan Maris na 2020, da annobar korona ta kunno kai, gwamnati ta umarci ƙananan hukumomin Ingila su sama wa duk mai kwana a waje masauki cikin 'yan kwanaki. Garin da ƙungiyoyinsa ke zaman doya da manja sai ya fara da sasanta su. A Plymouth an riga an saba zama a teburi ɗaya, an san lambar wayar juna, kuma ba a buƙatar lauya ya duba wace kwangila ce ta halatta wa wane ya taimaki wane. A 2021 kuma birnin ya shiga cikin yankuna 15 da aka zaɓa don shirin Changing Futures, wanda gwamnati da asusun cacar ƙasa suka zuba wa kuɗi don masu fama da matsaloli a jere. Masu nazarin aikin hukuma a Birtaniya sun sha kawo Plymouth a matsayin misali. Yabon gwani ya zama dole, kuma na yaba.

Sai dai wanda ya ɗauki kaya ya kai rabin hanya, ba a ce masa sannu da zuwa. Nauyi na farko da ya rage, kuma mafi girma, shi ne na kuɗi. Doguwar kwangila ni'ima ce, amma tana iya zama tarko idan farashinta ya tsaya cak duniya kuwa tana tafiya. Lokacin da aka ƙulla wannan ƙawance a 2019, mafi ƙarancin albashin ma'aikacin da ya manyanta a Birtaniya fam 8.21 ne a awa. A Afrilun 2025 ya kai fam 12.21. A tsakani, hauhawar farashi ta haura kashi 11 cikin 100 a watan Oktoban 2022, kuma gidan kwanan marasa galihu ba ya kashe na'urar ɗumama ɗaki don gas ya yi tsada. A Afrilun 2025 ɗin dai aka ƙara kuɗin inshorar ƙasa da masu ɗaukar ma'aikata ke biya daga kashi 13.8 zuwa 15, aka kuma sauko da matakin albashin da ake fara biya daga fam 9,100 zuwa 5,000 a shekara. Babbar ƙungiyar da ke magana da yawun ƙungiyoyin sa-kai na Ingila, NCVO, ta ƙiyasta cewa wannan kaɗai zai ci wa ɓangaren kusan fam biliyan 1.4 a shekara.

Kukan da ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna yi a faɗin ƙasar shi ne, hukuma tana sayen aikin fam 100 a kan fam 80, ta bar su su cike giɓin da sadakar jama'a. Tsohuwar da ta jefa 'yan sulallanta a gwangwanin taimako ta yi ne don a ƙara alheri a kan abin da hukuma ke yi. Ba ta san tana biya wa hukuma bashin da doka ta ɗora mata ba. Kuma salon ƙawance yana da wani haɗari a nan: tun da asara ta kowa ce, majalisa na iya miƙa wa abokan zamanta wuƙa ta ce su yanka da kansu, ta fita da hannunta fes. Don haka wajibi ne Plymouth ta riƙa lissafa ainihin abin da aikin ke ci duk shekara, har da kuɗin haya da wuta da horar da ma'aikata, ta biya shi cif. In kuwa aljihunta bai kai ba, ta fito fili ta gaya wa mutanen gari wane aiki za a rage, ta ɗauki laifin a kanta. Na san majalisun Ingila na cikin matsi. Birmingham da Nottingham duk sun ayyana cewa ba za su iya daidaita kasafinsu ba a 2023. Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na biyu, ƙungiyoyi bakwai ɗin ba su ne duka ba. A kowane gari akwai ƙananan ƙungiyoyi na unguwa, na coci da masallaci, na 'yan gudun hijira, na waɗanda suka taɓa shaye-shaye suka daina suka dawo suna jan na baya. Ba su da akanta, ba su iya rubuta takardar neman kwangila mai shafi 50 ba, amma su ne mutum ke fara ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare. Kwangilar shekara 10 a hannun manya na iya rufe wa irin waɗannan hanya na tsawon shekara 10. Dokar 2012 da ta wajabta wa hukumomi duba amfanin da jama'a za su samu kafin su sayi aiki, da sabuwar dokar sayayya ta 2023 da ta fara aiki a Fabrairun 2025, duk sun bar wa majalisa sararin ta ware ƙananan tallafi marasa wahalar nema. Kada maganin kishi ya rikiɗe ya zama ƙungiyar 'yan gata.

Akwai kuma batun baki. Amfanin ƙungiyar agaji bai tsaya ga rabon bargo da shayi ba, har da tsayawa ta gaya wa hukuma ta yi kuskure. Wanda kuke cin tuwo a kwano ɗaya da shi, da wuya ka ɗaga murya a kansa a bainar jama'a, balle idan shi ya kawo tuwon. Ya kamata a rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk ƙungiyar da ta soki manufar majalisa a kan gidaje ko kasafi ba za ta ga sakayya a kwangilarta ba. Maganar gidaje kuwa ba ƙarama ba ce, domin duk ƙwarewar ma'aikaci, ba zai fitar da mutum daga masaukin wucin gadi ba idan babu ɗakin haya da zai iya biya, kuma wannan aikin majalisa ne da gwamnati.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hisabi. Plymouth ta rage dogaro da adadin da ake yanka wa ƙungiyoyi, ta maye gurbinsa da amana da koyo daga kuskure, kuma na yarda da hujjarta, tun da mun ga yadda adadi ke koya wa mutane wayo. Amma kuɗin na masu biyan haraji ne, kuma amanar da ke tsakanin mutum takwas a ɗaki ba ta wadatar da mutum 265,000 da ke waje ba. Majalisar da ta zama ɗaya daga cikin 'yan ƙawance, wa zai bincike ta? Mai sayar da kifi a unguwar Barbican ta Plymouth yana da haƙƙin ya san mutum nawa suka mutu a titi ko ta hanyar ƙwaya a bana, nawa suka koma gidan jiya bayan an sallame su, nawa aka mayar daga bakin ƙofa da kuma dalili. A buga wannan duk shekara da harshen da kowa zai gane, mai daɗi da marar daɗi, a kuma sa waɗanda suka taɓa kwana a titin su zauna cikin masu tantancewa, da kujera da ƙuri'a.

Idan aka ƙirga shekara 10 daga 2019, wa'adin wannan kwangila ba zai wuce 2029 ba, kuma jami'an da suka haife ta ba za su dawwama a kujerunsu ba. Kirana ga kansilolin Plymouth shi ne, tun kafin ranar ta zo, su koma wurin mutanen da suka saurara a farko, su sake tambayarsu ko har yanzu ana tura su daga wannan ƙofa zuwa waccan, su buga amsar da suka samu, sannan su ɗauki alƙalamin sabuwar kwangila.