Daga Agye zuwa Yamai ya fi daga Yamai zuwa Jidda daɗewa

Yau lissafin tafiya za mu yi.

Tsakanin Maraɗi da Yamai, in ta sama aka bi, kilomita 540 ne ko kusa da haka. Ƙaramin jirgi irin Fokker 50, wanda kamfanin Niger Airlines ya soma jigila da shi a 2014, cikin awa ɗaya da rabi ya sauka. Ta gudron kuwa wajen kilomita 660 ne: Tibiri, Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai. Kar in ta tashi da asuba, sai la'asar ko magariba. Mutumin Agye ya ƙara kilomita 80 a kai, na Gazawa ya fi haka.

To ga abin da ke damuna. Daga Yamai zuwa Jidda kilomita dubu huɗu ne, awa shida ba ta cika ba jirgi ya isa. Wato tsohuwar da ta sayar da shanunta ta biya kujerar Makka, zaman da za ta yi a kar daga Gazawa zuwa filin jirgin Diori Hamani ya ninka wanda za ta yi a sama. Kuma yamma ake kai ta, alhali alƙibla tana gabas. Ta kwana biyu ko uku a Yamai tana jiran a kira suna, ƙafa ta kumbura, guzuri ya ragu, tun ba a ɗaura harami ba.

Maƙwabtanmu na Katsina, da ba su kai kilomita ɗari daga Maraɗi ba, daga filin jirgin garinsu alhazansu ke tashi. Mu fa? Ƙidayar 2012 ta nuna jahar Maraɗi ta haura mutum miliyan uku da dubu ɗari huɗu, Damagaram kaɗai ta ɗara mu. Filin jirgi muna da shi. An yi wa garin kwalliya a bikin Maraɗi Kolliya na 2015, amma talakan ƙauye har yau jirgi sai dai ya ɗaga kai ya gan shi.

Na san za a ce babban jirgi yana son doguwar hanyar sauka, da 'yan kwana-kwana, da duwan, da kuɗi masu yawa. Gaskiya ne, ba aikin wata guda ba ne. Amma kafin nan, me zai hana hukumar alhazai ta COHO da masu ajans su yi hayar ƙaramin jirgi, ya kwashi tsofaffi da marasa ƙarfi daga Maraɗi a ranar da za su tashi? Mutum hamsin a sahu ɗaya. A saka kuɗin cikin farashin kujera, a faɗa wa kowa tun farko, wanda ya ga zai iya ya zaɓa.

Masu ajans na Maraɗi, sarakunanmu da malamai, ku ne kuke zama da hukuma. Ku kai wannan magana kafin a buɗe rijistar baɗi.