Albasar Galmi: suna namu, riba ta wa?

Duk wanda ya bi babbar hanyar Ƙonni zuwa Madawa a watan Maris ko Afrilu ya san abin da ido ke gani: buhunan albasa jibge a bakin kwalta, daga Tsarnawa har Galmi, manyan motoci na jiran lodi zuwa Abijan, Kumasi da Akra. Abin da ido ba ya gani shi ne rabin cinikin ya riga ya ƙare tun kafin mota ta iso. A cikin salula aka yi shi. Dillali ya ɗauki hoton buhu, ya tura ta WhatsApp, ya bi shi da saƙon murya. Mai saye a bakin teku ya taya, aka sallama, kuɗi suka iso ta Nita ko Al Izza. Kasuwa ta ƙaura zuwa cikin waya, mu kuwa har yanzu ba mu tambayi kanmu ba: a wannan sabuwar kasuwa, wa ke gadin sunanmu?

Domin kuwa abin da ake saye a wayar nan, kafin albasa, suna ne. Mai saye ba ya taɓa kaya, ba ya sansana su. Kalma guda ake faɗa masa, "Galmi", sai ya ƙara kuɗi, saboda ya san albasa ce mai yaji, mai jure ajiya. Manoman kwarin Magiya ne suka gina wannan suna, shekara da shekaru suna zaɓen iri, suna ban ruwa, suna adana amfaninsu a rudu. Amma yau kowa na iya ɗora kalmar nan a ƙarƙashin hoton kowace albasa, ba mai ce masa don me. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a ce ba a gargaɗe mu ba. A 2009 ƙungiyoyin manoma suka yi ta ƙorafi bayan da ta bayyana cewa wani kamfanin iri na Senegal, Tropicasem, ya nemi hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha da ke Yawunde, ta ba shi iko a kan irin Violet de Galmi. Nijar ta ƙi yarda, kamfanin ya janye daga sunan. A 2023 kuma aka miƙa wa ƙasarmu takardun da suka tabbatar da albasar Galmi da kilishin Nijar a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasar da ta haife su. An yi biki, an yi jawabai. Madalla. To amma takarda ba ta tsaron kasuwa. OAPI ƙasashe 17 gare ta, kuma Gana da Najeriya, inda albasarmu ke shiga da yawa, ba sa cikinsu. Ko a Abijan, inda dokar ke aiki, yaya matar da ke sayen kashi guda za ta bambance ta Galmi da wadda aka laƙaba wa sunan, alhali babu wata alama a jikin buhu?

A nan ne laifinmu yake, mu da kanmu. Albasar Holan tana sauka a tashoshin ruwa cikin buhun raga mai nauyi sananne, da tambari a jiki. Tamu kuwa tana tafiya cikin buhu mai hula, wanda ba manomi ba mai saye da ya san kilo nawa ne a ciki. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima; hoton waya kuwa ko kimar bai sani ba. Wanda ya jera manya a bakin buhu ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa ya ci ribar yini ɗaya, amma saƙon murya guda daga Kumasi ya isa ya zagaya ɗaruruwan wayoyi kafin magariba. Wayar da ke tallata mu ita ce kuma ke iya tona mu, kuma idan ta tona, ba sunan mutum ɗaya take kira ba, Galmi take cewa.

Me ya kamata a yi? Abu uku ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Na farko, ƙungiyar ANFO da manyan ƴan kasuwar Galmi da Tsarnawa su tsayar da buhu ɗaya, nauyi ɗaya, tambari ɗaya. Na biyu, kowane lodi ya ɗauki lamba wadda mai saye zai iya tantancewa da kira ko saƙo, ya ji daga wace ƙungiya kayan suka fito. Kuma a yi shi da murya, da Hausa, domin yawancin masu wannan sana'a da baki suke ciniki, ba da rubutun Faransanci ba. Na uku, a tuna da ƴan ci-ranin Adar. Samarin Illela da Badagishiri da ke zaune a Kodibuwar da Gana, kowa da wayarsa a hannu, su ne masu tallar da ba sai an biya kamfani ba, in dai an ba su abin da za su nuna ba tare da jin kunya ba.

Ga ma'aikatan gwamnati kuma, muna cewa: aikin nan ba na taron otal a Yamai ba ne, inda ake raba kuɗin zama a watse. Ma'aikacin gona da na kasuwanci su sauko Malbaza da Ƙonni, su zauna a rumfar dillalai, su kafa sikeli. Rufe iyakar Najeriya a 2019, da takunkumin 2023, sun koya mana cewa ana iya datse hanya dare ɗaya. Abin da ba a iya datsewa shi ne amanar mai saye, in an same ta. Yana iya jiran mota wata guda, amma ba ya komawa ga wanda ya cuce shi.

Kakanninmu sun bar mana iri, sun bar mana suna. Idan muka bar cinikin waya ya zama cinikin biri a sama, ranar da sunan Galmi zai faɗi ba za mu sami baƙon da za mu ɗora wa laifi ba.