Satin Shara Ko Satar Shekara?

Duk wanda ya san makarantar firamaren gwamnati a ƙauyukanmu ya san abin da ake kira satin shara. Ranar Litinin ɗin da aka sanar a rediyo cewa an koma makaranta, hedimasta zai zo ya buɗe ofis, ya sa a buga wilin motar nan da ke rataye a jikin darbejiya, 'yan yaran da suka zo a ce musu gobe kowa ya taho da tsintsiya, manya kuma su taho da fartanya ko lauje. A share aji, a kwashe kashin awakin da suka yi hutu a ciki, a nome ciyawar fili, a kori jemagu. Kafin rana ta take an tashi. Haka za a yi ta yi har Juma'a. Sati na biyu kuma sai a shiga jiran malamai su gama dawowa, da jiran rajista, da jiran alli. In an yi sa'a, a sati na uku ne wani zai rubuta kwanan wata a jikin allo.

To, jama'a, ni dai a wurina wannan sata ce, kuma sata ce da muka taru muka halatta wa kanmu. Na zaɓi in yi maganar a kan Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi ne, domin duk cutar da ke damun makarantun Arewa takan fi tsanani a bakin iyaka, inda kwalta ke ƙarewa, idon hukuma ma ya ƙare tare da ita. Abin da zan faɗa a kan Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje da Zagga, mutumin wata jihar ma zai iya karantawa ya ga garinsu a ciki.

Mu fara da lissafi, don kada a ce surutu ne kawai. Zangon karatu uku ne a shekara, kowanne kamar sati 13, wato kusan sati 39 ke nan. Idan aka zubar da sati biyu a farkon kowane zango, an zubar da sati 6 a shekara. A shekara shida ta firamare an zubar da sati 36. Ka ga ke nan yaron da aka ce ya yi shekara shida, a haƙiƙa shekara biyar ya yi da 'yan kwanaki, kusan shekara guda ta tafi a shara da jiran malam. Ban ma sa satin jarrabawa da satin jiran sakamako da ranakun kasuwa a lissafin ba. Sannan mu dawo muna mamakin yadda ɗan aji shida yake kasa karanta wasiƙar Hausa mai layi uku. Ai wanda ya shuka ƙaya ba zai girbi dawa ba.

Da an tayar da wannan magana, amsar da ke bakin ma'aikatan ilimi guda ɗaya ce: iyaye ne ba sa turo 'ya'yansu. Wai mutanen ƙauye ba sa son boko. Wannan magana ta tsufa, har ta fara wari. Je ka tambayi uban da ya riƙe ɗansa a gona a satin farko, amsar da zai ba ka ita ce, "Mi za shi yi can? Ai ba a hwara karatu ba tukuna." Kuma gaskiya ya faɗa. Shi wannan uban, idan hutun Alhamis da Juma'a ya ƙare, da asubar Asabar yake tashin yaron ya tafi makarantar allo, ba ya taɓa cewa a bari sai sati mai zuwa. Me ya sa? Domin ya san malam yana nan zaune a kan buzunsa, kuma a ranar za a biya wa yaro karatu. Mutumin da ke ƙarƙashin masarautar Gwandu, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ba sai an zo daga Abuja an koya masa darajar ilimi ba. Abin da ya ƙi shi ne ya ba da ɗansa aikin sharar gwamnati kyauta alhali ga nasa aikin yana jira.

Kuma aikin nan ba na wasa ba ne. Zangon farko yana faɗowa ne a watan Satumba, daidai lokacin da gero ya nuna, tsuntsaye suka yi caa a gona, shinkafar fadama tana neman mai tsaro, kogin Kwara kuma ya cika ya batse, yaran da ke tungayen bakin ruwa sai da kwalekwale. Zango na biyu a Janairu ya haɗu da dashen shinkafar rani da ban ruwan albasa. Na uku ya haɗu da saukar damina da shuka, lokacin da Fulani ke tashi da shanu. Ga kasuwannin iyaka, inda yaro ɗan shekara goma sha biyu zai yi dako ko ya bi ɗan kabu-kabu ya dawo gida da kuɗin cefane, yarinya kuma ta ɗauki tallan fura ko ƙosai. Da waɗannan abubuwa makaranta take kokawa a kan kowane yaro. Makarantar da ta san da wannan kokawa, amma ta buɗe zangonta da sati biyu na zaman banza, ai ita ta kayar da kanta tun kafin a kaɗa ganga. Yaron da ya zo ran Litinin bai ga malami ba, ya zo Talata bai gani ba, ran Laraba yana gona, kuma dawo da shi sai an sha wuya.

Sai mu zo kan malamai. Na san halin da suke ciki, kuma ba zan yi musu rashin adalci ba. Da yawa daga waɗanda ake turawa ƙauyukan iyaka iyalinsu na cikin gari, babu gidan malamai a inda aka tura su, kuɗin mashin zuwa da dawowa kuwa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zama abin da ya zama. A ranar malamai ta duniya ta shekarar 2020, gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai da alawus na masu aiki a karkara. Abin da ya fito fili ya zama doka a 2022 shi ne ƙarin shekarun ritaya zuwa 65. Malamin ƙauye yana da hakkin ya tambayi ina sauran. Amma duk da haka, malam, albashin watan nan da ka karɓa cikakke ne, ba a cire sati biyu a ciki ba. Ɗan talakan da ka bari yana wasan langa a fili bai ci maka komai ba. In gwamnati ta zalunce ka, ga ƙungiyarku nan, ku je ku yi da ita. Huce haushin kaza a kan dami ba ya halatta.

Babban laifin dai yana sama. Wane dalili ne zai sa a riƙa fitar da sauyin wurin aikin malamai bayan an koma makaranta, alhali an yi hutun sati shida ko fiye ana zaune? Wane dalili ne zai sa rajista da alli da littafin tsara darasi su iso bayan yara? Me ya hana a gyara rufin da iskar farkon damina ta yaye tun a lokacin hutu? Kuma jami'an sa ido da ake cewa sun fita zagayen ganin yadda aka koma makaranta, ina suke zuwa? Makarantar bakin titi, wadda hedimastanta ya san da zuwansu tun jiya. A ɗauki hoto, a ce an gamsu da yadda ɗalibai suka fito. Makarantar da sai an hau mashin an ratsa yashi, ko an shiga jirgin ruwa, ita da ganin baƙo sai lokacin zaɓe, ranar da ajinta zai zama rumfar jefa ƙuri'a. Abin mamaki, ranar nan akwatin zaɓe ba ya makara da sati biyu.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. A Sakkwato ma aka ƙaddamar da shirin a 1999. Dokar ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa: karo na farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, jihohi su kawo nasu kason su karɓa. To, in doka ta tilasta wa uba ya kawo ɗansa, wa zai tilasta wa hukuma ta kawo malami a ranar da ta ce a zo? Alkawari ai kaya ne, kuma ɓangare biyu ke ɗaukarsa.

Mu kuma 'yan bokon yankin, da muke Birnin Kebbi da Sakkwato da Abuja, kada mu yi tsammanin mun tsira. 'Ya'yanmu suna makarantun kuɗi, inda ake ba da aikin gida tun ranar farko, wasu ma jarrabawa suke yi a ranar. Da a ce makarantar da muke biya ta sa 'ya'yanmu nome har sati guda, da mun ɗaga mata hankali kafin azahar. Amma da yake 'ya'yan 'yan'uwanmu ne na ƙauye, sai mu ce ai haka aka saba. Mu ne kuma za mu zo da Sallah muna faɗa a majalisa cewa yaran yanzu ba su da ƙoƙari.

Mai karatu, leƙa tsallaken iyaka. Daga Tsamiya zuwa Segbana, ko daga Lolo zuwa wajen Malanbil a Jamhuriyar Benin, mutanen ɗaya ne, Dandawa da Fulani da Hausawa da Busawa, auratayya ɗaya, kasuwa ɗaya, damina ɗaya. Ba aljanna ba ce, domin lardin Alibori da ke maƙwabtaka da mu yana cikin na baya a harkar karatu a ƙasar tasu. Amma sun gane abu guda. Sun soke kuɗin makarantar firamare a 2006, sannan a 2017 suka kafa shirin ciyar da ɗalibai na ƙasa, wanda cikin 'yan shekaru ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na makarantun firamaren gwamnati. Sun fahimci cewa tukunyar da ke kan wuta a harabar lakwal tana kiran yaro fiye da ƙararrawa. Mu ma mun fara namu shirin a 2016, ya yi ta tafiyar hawainiya, har aka dakatar da shi a farkon 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi saboda badaƙalar kuɗi. Ƙasar da muke yi wa kallon ƙanƙanuwa ta riƙe nata, mu giwar Afirka muka saki namu.

Wani zai ce ana fama da tsaro kana maganar shara. Na ji. Ba wanda ya manta da ɗaliban Birnin Yauri da aka sace a Yunin 2021, ko 'yan matan Maga a Nuwamban 2025, ga kuma Lakurawa da suka addabi sassan jihar. Uban da ya ji tsoro yana da hujja. Sai dai wannan hujja ce a kaina da kai, domin idan har uba ya danne tsoronsa ya turo ɗansa, mafi ƙarancin abin da za a saka masa da shi shi ne a koya wa yaron wani abu a ranar. Kuma yaron da makaranta ta sake, ya tashi ba karatu ba sana'a a bakin iyaka, kowa ya san masu jiran su ɗauke shi aiki.

Gyaran ba ya bukatar biliyoyi. Na farko, shara ta koma cikin hutu. Kwamitin kula da makaranta na gari, da mai unguwa, da matasa, su yi gayya ranar Asabar ɗin ƙarshe, kamar yadda ake yi wa masallacin Idi da maƙabarta. Na biyu, malamai su dawo kwana biyu ko uku kafin ɗalibai, a raba aji, a karɓi kayan aiki, sauyin wurin aiki kuma a gama shi tun tsakiyar hutu. Na uku, liman ya sanar a huɗubar Juma'ar ƙarshe, sanƙira ya zaga gari, cewa ran Litinin karatu za a yi, kuma a cika alkawarin ko da yara biyar ne suka zo, domin labarin zai kai gida kafin la'asar. Na huɗu, dagaci ya leƙa da kansa a ranar farko ya ga malaman da suka zo, ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa sakataren ilimi. Na biyar, a zauna da manoma da makiyaya a duba lokacin shiga da tashi a makonnin girbi. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya a kan fahimtar cewa makaranta tana iya bin rayuwar mutane, don haka ba baƙon abu ba ne.

Gwamna Nasir Idris malamin makaranta ne, kuma shi ne shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa lokacin da aka yi alkawarin 2020. Ba ya bukatar kowa ya fassara masa satin shara. In an kasa kashe wannan al'ada a zamanin da malami ke riƙe da jihar, a zamanin wa za a kashe ta? Fenti da sabon gini suna da kyau, amma ba su ne karatu ba. A tura masu sa ido ƙarshen hanya a ranar farko, ba tare da sanarwa ba, a kuma biya malamin karkara hakkin zamansa a karkara.

Mu kuma sauran jama'a, zango mai zuwa kowa ya tambayi yaron gidansu da yammacin Litinin ɗin farko: me aka koya muku yau? In ya ce shara aka yi, to da safe a ɗauki hula a tafi makarantar a ji dalili. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, amin.