Filin jirgin Maraɗi namu ne, ko da ba mu hawa

Jama'ar Madarunfa da kewaye.

Duk lokacin da aka ɗauko zancen filin jirgi a majalisa, sai ka ji wani ya ce: "To mu ina ruwanmu? Mu da ko kuɗin mota zuwa Ɗan Isa sai mun yi lissafi!" Haka ne, akasarinmu ba mu taɓa taka jirgi ba. Amma ku saurari abin da ya faru a wata ƙasa, sannan mu dawo gida.

A birnin Chicago na Amurka akwai wani ƙaramin filin jirgi, Meigs, a bakin tafki, kamar dai yadda garinmu yake bakin nasa tafkin. Magajin garin, Richard Daley, ya daɗe yana son ya mai da wurin lambun shaƙatawa. A ƙarshen watan Maris na 2003, cikin dare, ya aika motocin rusau suka tona hanyar saukar jirage. Gari ya waye, jirage na ajiye babu ta inda za su tashi. An ci birnin tarar dala 33,000, amma fili kam ya tafi ke nan. Ba fasinja ne suka yanke hukuncin ba, mai iko da ƙasar wurin ne.

Nan ne abin ya shafe mu. Filin jirgin Maraɗi ya ga gyara lokacin Maraɗi Kwalliya, bikin 18 ga Disamba na 2015. Shi kuwa birnin kullum faɗaɗa yake, kuma tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda zai biyo ta Jibiya, kowa ya san ƙasa a yankin nan ta zama zinariya. Ƙaramin filin jirgi ba sai an rushe shi cikin dare ba. Yau a yanka filaye kusa da shinge, gobe a ɗora bene, jibi a ce jirgi na damun mutane, kuma ai ba ya kawo riba. Shi ke nan.

Mu tuna, Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, yini guda cur cikin bas. A daminar 2024 ruwa ya yanke hanyar shiga Yamai ɗin. Mara lafiyar da ba zai jure wannan tafiya ba, ko ma'aikatan agajin da ke kula da ƴan gudun hijirar Zamfara, Sakkwato da Katsina da jiharmu ta karɓa tun 2019, ta ina za su bi ranar da hanya ta ƙi?

Da can, ko ba komai, muna da kansilolin da za mu tare a bakin masallaci mu tambaya. Tun Afrilun 2024 an rusa majalisun, kantomomi ke riƙe da garuruwa. Ba muna zargin kowa ba ne, wallahi. Abin da muke roƙo kaɗan ne: a bayyana iyakar filin jirgin kowa ya sani, kuma duk yankan filayen da za a yi kusa da shi, a sanar a rediyo da Hausa kafin a kafa borne ko ɗaya, har mu na Madarunfa mu ji.