Filin Makiyayi da Manomi: Abincin Ɗan Kwikwiyo da Ma'auninsa

A wannan wata filin nan ya sauka Tabelot, cikin ƙasar Abzin, arewa maso gabas da Agadas, a gindin dutsen Bagzan. Mutanen Tabelot da garka da kiwo suke rayuwa. Masu garka suna noman albasa, tafarnuwa, dankalin turawa, alkama da masara. Mata da yara suna kai awaki kiwo cikin ƙoramu da duwatsu. Kowanensu yana da abokin gaba. Dila yana ɗaukar ƴan awaki, biri yana ɓarna a garka. Shi ya sa gidaje da yawa suke ajiye kare. Malamai sun ce ya halatta a ajiye shi don tsaron dabbobi, ko tsaron shuka, ko farauta. Wanda ya ajiye shi kuwa, cinsa da shansa suna wuyansa.

Ga abin da aka saba gani. Yaro ya ɗauko kwikwiyo ɗan sati 3, ya ɗaure shi a gindin icce. Sau ɗaya a yini a watsa masa ƙanzo da ragowar miya. Kafin wata ya cika, ciki ya kumbura, gashi ya tashi, ƙafafu sun lanƙwashe, zawo ya kama shi. Ko ya mutu, ko ya tashi ɓarawon ƙwai da kaji. Sai a ce irin ne ba shi da kyau. Alhali laifin yana cikin kasko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Karen da zai kori dila baɗi, bana ake gina shi, da abinci mai kyau kuma bisa ma'auni.

Wata 2 na farko: nonon uwa

Babu abincin da ya kai nonon karya ga ɗanta. Dakashin ranar farko shi ne rigakafinsa, kamar yadda yake ga ɗan akuya da ɗan raƙumi. Kwikwiyo mai ƙoshi yana ninka nauyinsa cikin kwana 10. A wannan lokaci uwar ake ciyarwa. Karya mai shayarwa tana bukatar ninki 2 ko 3 na abincin da ta saba ci, da ruwa mai yawa.

Idan ya kai sati 3 zuwa 4, a fara sa masa kunu mai ruwa-ruwa da nono a kasko marar zurfi. Ya lasa, ya koma wurin uwa. Kowane sati a ƙara kauri kaɗan. Yaye yana kammala tsakanin sati 6 da sati 8. Kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika wata 2. Mai son kwikwiyo ya zaɓa, ya sa masa alama, ya yi haƙuri.

Idan uwa ta mutu

Makiyayi zai ce akwai nonon akuya. Gaskiya ne, amma shi kaɗai ba ya isa. Nonon karya ya ninka na akuya wajen maiƙo da abin gina jiki. Sai a ƙarfafa shi kamar haka: kwata lita na nonon akuya, a tafasa, a bari ya huce. A kaɗa gwaiduwar ƙwai 2 a ciki, da cokalin shayi 1 na man gyaɗa. A ba shi da ɗumi.

A satin farko, kwikwiyo mai nauyin giram 400 zai sha cokalin shayi 2 kowane awa 3, dare da rana. Kada a wuce cokali 3 a sha guda, don cikinsa bai fi haka ba. A kwantar da shi rub da ciki lokacin sha. Idan aka kwantar da shi rigingine, nono zai shiga huhunsa. Bayan sha, a shafa masa mara da tsumma mai ɗumi, don ya yi fitsari da kashi, aikin da uwa take yi da harshe. Sanyin Abzin na watan Disamba da Janairu yana kashe jariran karnuka. Wanda jikinsa ya yi sanyi, a ɗumama shi tukuna kafin a ba shi nono.

Me za a zuba a kasko?

Kare ba akuya ba ne. Dusa da tsaki kaɗai ba sa gina shi. Bayan yaye, a raba kasko kashi 6:

1. Kashi 3: tuwo mai laushi ko kunu mai kauri na gero, masara ko alkama. A dafa shi sosai, babu gishiri, babu yaji.
2. Kashi 2: abin da ya fito daga dabba. Dafaffen nama, dafaffen ƙwai, dafaffen kayan ciki, ko cuku da aka jiƙa.
3. Kashi 1: nono, da ɗan dafaffen karas ko kabewa idan akwai.

Nono mai tsami ya fi ɗanyar madara zama a cikin kwikwiyo. Madara mai yawa tana sa zawo. Hanta tana da amfani, amma ƴar kaɗan, sau 1 ko 2 a sati.

Hatsi da nama ba su da isasshen abin da ke gina ƙashi. Rashinsa ne yake lanƙwashe ƙafafu. Maganinsa yana cikin gida. A tafasa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka shi ya yi laushi kamar gari. A barbaɗa rabin cokalin shayi cikin abincin yini. Kada a ce tun da yana da amfani bari a cika. Yawansa ma yana ɓata ƙashi.

Ba kowane gida yake yanka kullum ba, kowa ya san haka. Ranar da babu nama, ƙwai 1 da nono mai tsami sun tsaya a madadinsa.

Nawa, kuma sau nawa?

Cikin kwikwiyo ƙarami ne, bukatarsa kuwa babba ce. Idan aka gwada kilo da kilo, yana bukatar kusan ninki 2 na abin da babban kare yake ci. Saboda haka kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau da yawa. Ga ma'aunin farawa, ga irin karen da zai kai kilo 15 zuwa 25 idan ya girma:

Wata 2 zuwa 3, nauyi wajen kilo 4: rabin lita a yini, a raba sau 4. Kowane ci ya kama ƙananan kofunan shayi 2.

Wata 3 zuwa 6: a riƙa ƙarawa sati-sati har ya kusa lita 1 a yini, a raba sau 3.

Bayan wata 6: lita 1 ko sama kaɗan, a raba sau 2, safe da maraice.

A ajiye kaskon minti 15. Abin da ya rage a ɗauke, don zafi yana lalata shi, ƙuda kuma suna sauka. Idan ya bar saura kwana 2 a jere kuma yana wasa lafiya, a rage. Idan ya suɗe yana neman ƙari kuma ba ya ƙara nauyi, a ƙara rabin kofi a kowane ci. Idan za a sauya masa abinci, a yi a hankali cikin sati 1, ana gauraya sabo da tsoho.

Jiki shi ne shaida

Ma'auni na takarda ne. Jikin kwikwiyo shi yake faɗin gaskiya. A shafa gefensa da tafin hannu. Ya kamata a ji haƙarƙari ba tare da an danna ba. Idan ba a ji ba, abinci ya yi yawa. Idan ƙashin baya ya fito tsuru kuma cinyoyi sun zube, abinci ya kasa. Babban ciki da ramammen jiki ba ƙoshi ba ne, yawanci tsutsar ciki ce.

A nan sai a lura da iri. Dogon karen farauta na Abzinawa, wanda suke kira oska, siriri ne tun asali. Turawa sun fara kai shi Turai a shekarun 1970, suna kiransa Azawak, da sunan kwarin da ke yamma da Abzin. A 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta karɓe shi cikin jerin irinta. Ko a can, an yarda a ga haƙarƙarinsa kaɗan ta cikin fata. Kada a ɗura masa abinci don ya yi ƙiba. Ƙiba tana nauyaya ƙashin da bai gama ƙwari ba.

Mai garka yana da hanyar samun sikeli. Sau 1 a sati a sa kwikwiyo cikin buhu a auna. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya ɗauki alƙalami, ya rubuta rana da nauyi. Idan sati 2 suka wuce lamba ba ta hau ba, akwai matsala.

Albasa guba ce ga kare

Wannan magana ta fi shafar Tabelot. Albasar da ake loda wa motoci, wadda take ciyar da iyali, ita ce take kashe kwikwiyo. Tana fasa jinin kare. Tafarnuwa ma haka, har ta fi ƙarfi. Dafuwa ba ta kashe gubar, shanya ba ta kashe ta. Giram 15 zuwa 30 a kowane kilo na nauyin kare sun isa su taɓa jininsa. Ke nan rabin albasa babba ya isa ya kwantar da kwikwiyo mai kilo 4. Kaɗan-kaɗan kullum cikin ragowar miya ma yana taruwa.

Ciwon ba ya nunawa nan take, sai bayan kwanaki. Kwikwiyo ya yi laushi, yana haki, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. Shi ya sa mai shi ba ya tuna miyar shekaranjiya. Uwar gida ta ɗebi rabon kwikwiyo kafin ta zuba miya. Mai garka ya hana shi wurin shanyar albasa.

Sauran abubuwan da za a hana shi: dafaffen ƙashi, don yana tsagewa ya huda hanji; ƙwallon dabino, don yana toshe ciki; ganyen shayi da aka zubar; inabi; da mushe.

Ɗanyen huhu da hanta

Ranar yanka, mahauci ko mai gida yakan ga wani ƙullutu mai ruwa a huhu ko hantar tunkiya, akuya ko raƙumi. Sai ya yanke ya jefa wa kare. Wannan babban kuskure ne. Cikin ƙullutun akwai ƴaƴan tsutsa. Suna girma a hanjin kare, ƙwansu ya fita cikin kashinsa, ya zuba a ciyawa, a garka, a bakin rijiya. Dabba ta ci ta kamu. Yaron da ya yi wasa da kare ya ci abinci bai wanke hannu ba, shi ma ya kamu. Ƙullutun yana girma a hanta ko huhun mutum shekara da shekaru, sau da yawa sai an yi masa aiki a asibiti.

Kan tunkiya ko akuyar da ta mutu da ciwon juwa ma haka yake. Idan kare ya ci ƙwaƙwalwar, ciwon zai koma garke. Duk abin da aka ga ƙullutu a jikinsa a ƙone shi, ko a binne shi da zurfi. Mai kyau kuma a dafa shi sosai kafin a ba kare.

Ruwa, wuri da rigakafi

Kwikwiyo ya sami kaskonsa na ci da na sha, dabam da kwanonin gida. A wanke su kullum. Ruwa mai tsabta ya kasance gabansa a inuwa ko da yaushe. Wanda ake so ya zama karen garke, a riƙa ba shi abinci kusa da ƴan awaki, nesa da murhu. Inda kare yake ci, nan yake tsaro. Yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi.

A nemi ma'aikacin kiwo don maganin tsutsa tun kwikwiyo yana sati 2, a maimaita yadda ya faɗa. Idan ya cika wata 3, a yi masa allurar haukan kare. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi likita a ranar. Rigakafi ya fi magani.

Rabin lita na kunu da ƙwai 1 ba su kai kuɗin ɗan akuya guda da dila zai ɗauka ba. Mai garka da makiyayi su yi lissafi da kansu.

A karanta wannan fili a aji da wurin shayi, don wanda bai iya karatu ba ya ji. Wata mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai yi magana a kan yayen ƴan awaki lokacin rani.